Lamba Gagara-Rabo: Nazarin 2,147,483,647 ta Fuskar Ilmin Rabon Gado

1.0 Gabatarwa

Mai kasa albasa a kasuwar Shinkafi ya san cewa ba kowane adadi ne yake yarda a kasa shi daidai wa daida ba. Albasa 12 tana kasuwa kashi 2, ko 3, ko 4, ko 6, ba tare da an bar ko ɗaya a gefe ba. Amma albasa 13, ko ta yaya aka juya ta sai an sami ragowa, in ba an kasa ta ɗai-ɗai ba, ko kuma an bar ta tuli guda. Irin waɗannan lambobi masu taurin kai, watau 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 'yan'uwansu, su ne masana lissafi suka shafe fiye da shekara dubu biyu suna bin diddiginsu.

Wannan maƙala ta ɗauki guda ɗaya daga cikin manyansu, watau 2,147,483,647, domin bayyana siffofinta da ajujuwan da ta faɗa ciki. Dalilin yin haka da Hausa shi ne, tun lokacin da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshensu, an sha jin ƙorafin cewa lissafin Hausa bai wuce na ciniki ba. Abin da za a nuna a nan shi ne, mafi yawan ma'aunan da ake bukata don fahimtar wannan lamba suna nan a hannun malaman zaure masu raba gado, tun daga Katuru da Shinkafi har Zurmi da Ƙauran Namoda.

2.0 Matsalar suna

Ma'anar wannan irin lamba ita ce: lambar da ta fi ɗaya, wadda babu mai raba ta ba ragowa sai ɗaya da ita kanta. An cire ɗaya daga cikinsu, kuma ma masana na dā, Girkawa da Larabawa, ba su ɗauki ɗaya a matsayin adadi ba, sun ɗauke shi asalin adadi ne.

Larabci yana da kalmomi biyu da suka shafe ta. Ta farko ita ce "awwal", watau ta fari, domin daga irinta ake gina sauran lambobi. Alal misali, 360 ba kome ba ce illa 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, kuma babu wata hanya dabam da za a warware ta. Ta biyu ita ce "asammu", watau kurma. Asalin wannan suna yana ga sunayen kaso waɗanda Hausa ma ta ara: nusufi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Daga goma sunayen suka ƙare. Kason 11 ko na 13 ba shi da sunan kansa, sai dai a ce kashi ɗaya cikin 11, saboda haka aka kira irin wannan adadi kurma.

Kowacce daga cikin kalmomin biyu tana da cikas in aka fassara ta kai tsaye. "Lamba ta fari" za ta sa ɗalibi ya zaci ɗaya ake nufi, alhali ɗaya ba ya ciki. "Kurman lamba" kuwa ya bar 2 da 3 da 5 da 7 a waje, tun da kasonsu yana da suna. Don haka aka zaɓi "gagara-rabo" a wannan maƙala, bisa ƙirar da harshen ya riga ya saba da ita a kalmomi irin su gagara-badau da gagara-gasa da gagara-misali. Kishiyarta ita ce lamba mai rabuwa.

3.0 Dangantaka huɗu a ilmin gado

Almajirin da ya yi nisa a fiƙihun Malikiyya yakan gamu da babin gado a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, sa'an nan ya sake gamuwa da shi a ƙarshen Muhtasar na Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14. A can ne ake koyon cewa tsakanin kowaɗanne lambobi biyu akwai ɗayan dangantaka huɗu. Tamasuli shi ne su zama iri ɗaya, kamar 3 da 3. Tadahuli shi ne ƙaramar ta shige cikin babbar ba ragowa, kamar 3 da 6. Tawafuƙi shi ne wata lamba ta uku ta raba su duka, kamar yadda 2 take raba 4 da 6. Tabayuni kuwa shi ne babu abin da ya haɗa su sai ɗaya, kamar 3 da 4.

Ga yadda abin yake aiki. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku. Matar tana da sumuni, saboda haka asalin mas'ala 8 ne: ita ta ɗauki 1, saura 7. Bakwai ba ya rabuwa ga mutum uku, kuma tsakanin 7 da 3 tabayuni ne, don haka sai a buga 3 cikin 8, a sami 24. Mata ta ɗauki 3, kowane ɗa ya ɗauki 7. Da a ce maza shida ya bari da mata biyu, kawuna sun zama 14 ke nan, kuma 7 da 14 sun dace a subu'i. Sai a buga 2 kawai cikin 8, a sami 16: mata 2, kowane namiji 2, kowace mace 1.

Hanyar da Halilu ya bayar ta gane dangantakar ita ce a riƙa ɗebe ƙaramar lamba daga babbar, sa'an nan a ɗebe ragowar daga ƙaramar, a ci gaba da haka. In aka ƙare a kan ɗaya, tabayuni ne. A gwada 31 da 12: ragowar farko 7, ta biyu 5, ta uku 2, ta ƙarshe 1. Wannan hanya ita ce dai wadda Iƙlidis na Iskandariyya ya rubuta a littafi na bakwai na Usul ɗinsa, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da ita kwamfuta take aiki har gobe.

Da harshen masu gado, to, gagara-rabo ita ce lambar da take tabayuni da dukkan lambobin da suke tsakanin ɗaya da ita. Ba ta shiga tawafuƙi da kowa: ko dai ta shige cikin lamba ɗungum, ko ta rabu da ita sarai. Malamai sun saba da irinta a babin auli, inda asalin 6 yake hawa zuwa 7, na 12 kuma zuwa 13 ko 17.

4.0 Girman lambar da ƙirarta

Da Hausar yau ana karanta 2,147,483,647 kamar haka: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. A zamanin kuɗin wuri, lokacin da keso ɗaya yake ɗauke da wuri 20,000, wannan adadi zai cika keso 107,374, a bar wuri 3,647 a ƙasa. Wanda kuma ya ce zai ƙidaya shi da baki, lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi shekara 68 da 'yan kwanaki.

Lambar tana da ƙira mai sauƙi. A ajiye ƙwayar gero ɗaya ran ɗaya ga wata, kashegari biyu, jibi huɗu, gata takwas, kullum ana ninka abin da aka ajiye jiya. In watan mai kwana 31 ne, jimillar ƙwayoyin da aka tara ita ce 2,147,483,647 cif. Ta wata fuskar, in aka jera 2 har guda 31 aka buga su cikin juna, za a sami 2,147,483,648, sai a cire ɗaya. A rubuce shi ne 2³¹ − 1.

Hausa tana da salon faɗin wannan tun asali. Bahaushe yakan ce ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara, ko ɗari ba biyu maimakon casa'in da takwas. Saboda haka ana iya kiran dangin wannan lamba "ninki-ba-ɗaya": huɗu ba ɗaya 3, takwas ba ɗaya 7, talatin da biyu ba ɗaya 31. A Turai ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista na ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1588 zuwa 1648.

Ba kowace ninki-ba-ɗaya ce gagara-rabo ba. In adadin ninkin yana rabuwa, ita ma tana rabuwa: 2⁶ − 1 shi ne 63, watau 7 × 9. Ko da adadin ninkin gagara-rabo ne, wannan bai wadatar ba, domin 2¹¹ − 1 shi ne 2,047, watau 23 × 89. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin waɗanda yake ganin sun tsira, har da na 31, amma bai kawo hujja ba. Daga baya aka gano ya sa 67 da 257 bisa kuskure, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107.

5.0 Yadda aka tabbatar da ita

Tsohuwar hanyar tace gagara-rabo ita ce wadda ake dangantawa da Eratosthenes, Larabawa kuma suka kira ta "girbal", watau rariya. A rubuta lambobi a jere, a soke duk ninkin 2, sa'an nan na 3, sa'an nan na 5, abin da ya tsaya bisa rariya shi ne ake nema. Ibn al-Banna na Marrakish, wanda ya rasu a 1321, ya bayyana cewa ba sai an gwada dukkan lambobi ba, a tsaya a kan saiwar lambar da ake bincike, watau adadin da in aka buga shi cikin kansa zai ba da ita. Dalili kuwa, in lamba ta rabu gida biyu, tilas ɗayan gidajen kada ya wuce saiwar. Saiwar 2,147,483,647 ta ɗara 46,340 da kaɗan, kuma a ƙasa da wannan akwai gagara-rabo kusan 4,800. Raba lamba mai alƙaluma goma har sau 4,800 da hannu ba ƙaramin aiki ba ne.

Leonhard Euler, mutumin Suwizalan wanda yake zaune a ƙasar Rasha, shi ya rage wannan jidali. Tun daga aikin Fermat an san cewa duk gagara-rabon da za ta raba 2³¹ − 1, tilas ta bar ragowar ɗaya in an raba ta da 62. Euler ya ƙara sharaɗi na biyu: tilas ta bar ragowar 1 ko 7 in an raba ta da 8. In aka gama sharuɗɗan biyu, mai rabawar sai ta kasance ninkin 248 da ɗaya, ko ninkin 248 da 63. Waɗanda suka cika wannan ƙa'ida a ƙasa da saiwar ba su wuce 372 ba. Babu ko ɗaya da ta raba lambar. A 1772, lokacin idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya, ya sanar da Daniel Bernoulli sakamakon a cikin wasiƙa. Kusan shekara ɗari bayan nan ba a san wata gagara-rabo da ta fi ta girma ba.

Hanyar da ake bi a yau ta samo asali ne daga Édouard Lucas, wanda a 1876 ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, da hannu, sa'an nan D. H. Lehmer ya gyara ta a 1930. A fara da 4, a buga shi cikin kansa, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar, a maimaita. Ga misali da 31, wadda ita ce 2⁵ − 1. Huɗu sau huɗu ba biyu 14. Sha huɗu sau sha huɗu ba biyu 194, ragowarsa 8. Takwas sau takwas ba biyu 62, wanda 31 take raba shi ba ragowa. Da yake an ƙare a kan sifiri a taki na uku, 31 gagara-rabo ce. Yawan takin kullum shi ne adadin ninki ba biyu, saboda haka taki 29 ya isa a tabbatar da abin da Euler ya sha wahala a kansa.

6.0 Ajujuwan da ta faɗa ciki

Na farko, wuturi ce, kamar dukkan gagara-rabo ban da 2, wadda ita kaɗai ce shafa'i a cikinsu. Wuturan kuma sun kasu gida biyu: masu barin ragowar 1 in an raba su da 4, da masu barin ragowar 3. 'Yan gidan farko kowaccensu jimillar murabba'i biyu ce, kamar 13 da take 4 da 9. 'Yan gida na biyu ba sa karɓar wannan ko kaɗan, kuma 2,147,483,647 a cikinsu take.

Na biyu, ba ta da tagwai. Ana kiran gagara-rabo biyu tagwaye in biyu ne kawai tsakaninsu, kamar 11 da 13. Lambar da take ƙasa da tamu da biyu ta ƙare da 5, wadda take sama da ita da biyu kuma 3 yana raba ta. Maƙwabtanta na kusa su ne 2,147,483,629 da 2,147,483,659.

Na uku, ita ce ta takwas a jerin ninki-ba-ɗaya masu gagarar rabo, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Na huɗu, adadin ninkinta, watau 31, shi ma ɗan wannan dangi ne. Masu wannan siffa mai hawa biyu guda huɗu kaɗai aka sani: 7, da 127, da 2,147,483,647, da kuma lambar Lucas.

Na biyar, tana haifar da cikakkiyar lamba, wadda Larabawa suke kira "tammu". Cikakkiyar lamba ita ce wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, take komawa daidai da ita: 6 shi ne 1 da 2 da 3, haka 28 shi ne 1, 2, 4, 7 da 14. Iƙlidis ya nuna cewa kowace ninki-ba-ɗaya mai gagarar rabo tana ba da irin wannan, Euler kuma ya nuna cewa babu cikakkiyar lamba shafa'i sai ta wannan hanya. In aka buga 2,147,483,647 cikin 1,073,741,824 za a sami 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas.

Gagara-rabo ba su da iyaka, kuma hujjar Iƙlidis a kan haka gajeruwa ce. A buga duk waɗanda aka sani cikin juna, a ƙara ɗaya. Sabuwar lambar tabayuni ce da kowaccensu, saboda haka ko dai ita kanta sabuwar gagara-rabo ce, kamar 2 × 3 × 5 da ɗaya, watau 31, ko kuma wata ce daga wajen jerin take raba ta, kamar 30,031 da take 59 × 509. Amma ko ninki-ba-ɗaya masu gagarar rabo su ma ba su da iyaka, wannan tambaya ce da masana ba su warware ba.

7.0 Hatimi da malamin Katsina

Ban da gado, akwai wani fannin da malaman ƙasar Hausa suka yi ta'ammali da halayen lambobi, shi ne hatimi, ko wafaƙi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya yi karatu a Katsina, ya tafi aikin haji, ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaƙ wajen 1732, sa'an nan ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. A cikin littafin ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje wuturi. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazarin aikinsa a wata maƙala da aka buga a Ibadan a 1967.

A hatimi mai gida uku-uku kowane layi yana ba da 15, a mai biyar-biyar 65, a mai bakwai-bakwai 175. Inda gagara-rabo ta shigo shi ne, hatimi mai gida tara-tara ana iya harhaɗa shi daga ƙananan hatimai tara masu uku-uku, mai sha biyar-sha biyar kuma daga na uku da na biyar. Amma na 5 da na 7 da na 11 da na 13 ba su da ƙananan da za a harhaɗo su daga gare su, sai an gina su daga tushe. Bambancin nan shi ne dai na gagara-rabo da mai rabuwa, ya bayyana a kan allo.

8.0 Matsayinta a zamanin kwamfuta

Kwamfuta da alƙaluma biyu take ƙidaya, sifiri da ɗaya. A wannan rubutu 2,147,483,647 ɗaya ce a jere har guda 31. Tsarin ajiyar lamba mai gurbi 32 yakan keɓe gurbi ɗaya don nuna ko lambar ta riba ce ko ta bashi, saura 31, don haka wannan lamba ita ce iyakar abin da yake iya ɗauka. Na'urori da yawa suna ƙidaya lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970. Waɗanda ba a sabunta ba, ma'auninsu zai cika ran 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya. Shekara 68 ɗin nan da aka ambata a baya ke nan.

Girmanta kuwa an daɗe da wuce shi. A 1952 Raphael Robinson ya gano sababbin ninki-ba-ɗaya biyar da kwamfuta a Amurka. A watan Oktoban 2024 Luke Durant ya gano ta 52 a cikin waɗanda aka sani, mai adadin ninki 136,279,841, da alƙaluma 41,024,320. Bugu da ƙari, tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙira a 1977, ya dogara ne ga sauƙin buga manyan gagara-rabo biyu cikin juna da wuyar warware su in an buga. Da irin wannan makulli ake tsare saƙonni masu yawa na banki da na intanet, har da waɗanda falke yake aikawa ta waya daga Ƙauran Namoda.

9.0 Kammalawa

An ga cewa 2,147,483,647 wuturi ce marar tagwai, ta takwas a dangin ninki-ba-ɗaya, uwar cikakkiyar lamba ta takwas, kuma iyakar ma'aunin kwamfuta mai gurbi 32. An kuma ga cewa kalmomin da aka yi wannan bayani da su, irin su tabayuni da tadahuli da shafa'i da wuturi da rariya da "ba ɗaya", mafi yawansu suna bakin malamai da 'yan kasuwa, biyu ko uku ne kawai aka ƙera. Abin da ya rage shi ne a tattara kalmomin lissafi na masu gado da masu hatimi daga bakinsu da kuma daga littattafan da suke karantarwa, a daidaita rubutunsu, a sa su cikin littattafan makaranta. Malamin lissafi na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983 da malamin fara'ili na Zurmi hanya ɗaya suke bi wajen gane dangantakar lambobi biyu, kuma ɗalibin da aka nuna masa haka zai riski darasin makaranta da abin da ya riga ya ji a zaure.